Da Wane Mudu Ake Raba Faifan Kwamfuta?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet, ko ya aika wa mahaifiyarsa kuɗi ta wayar hannu, to ya yi hulɗa da wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da bai taɓa gani ba, wadda ke girke a wani babban gini, mai yiwuwa ma a wata ƙasa mai nisa. Irin waɗannan na'urori, waɗanda ake kira uwar garke, ba kasafai kamfani ɗaya ke amfani da su shi kaɗai ba. Na'ura guda takan ɗauki ayyukan ma'aikatu goma ko fiye a lokaci ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa. Kowane ɗan haya da ɗakinsa, amma rijiya ɗaya ce a tsakar gida, guga kuma ɗaya. Rijiyar nan ita ce faifan da ake ajiye bayanai a kansa.

Muddin masu ɗiban ruwa ba su da yawa, babu wanda zai san da wata matsala. Amma a ce wani kamfani ya tashi kwafe dukkan bayanansa na shekara domin ajiya, aikin da kan ci sa'o'i ana karatu da rubutu a kan faifai ba ƙaƙƙautawa, a daidai lokacin da ma'aikacin wani asibiti yake neman katin marar lafiya a wannan na'ura. Buƙatar asibitin ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce shafi ɗaya na littafi ba, amma idan babu mai tsawatawa sai ta tsaya a bayan dubban buƙatun mai kwafe. Abin da ya kamata a gama cikin ƙiftawar ido sai ya ɗauki lokaci mai tsawo, likita na jira, marar lafiya na jira.

Babu mai musun cewa ya kamata a yi adalci wajen rabon faifai. Inda gizo ke saƙar shi ne mudun da za a yi awon da shi. Wannan tambaya ta ɗauki injiniyoyin manhajar Linux fiye da shekara goma suna kai da komowa, har sai da suka sauya mudun ba sau ɗaya ba.

Jigon manhaja da ayyukan da ke ƙarƙashinsa

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke gudanar da ita, kamar Windows ko Linux. A tsakiyar babbar manhajar akwai wani sashe da ake iya kira jigo, wanda shi ne ke da iznin taɓa sassan na'urar kai tsaye. Duk wata manhaja da aka buɗe, jigo yana ɗaukar ta a matsayin aiki mai gudana, ya ba ta lamba, ya yanka mata wuri a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ya kuma ba ta lokaci a kan masarrafi, watau sashen da ke yin lissafi. Idan aiki yana son karanta wani abu daga faifai, ba ya zuwa da kansa. Sai ya miƙa buƙata ga jigo, jigo ya sa ta a layi.

Jigon Linux ya samo asali ne a shekarar 1991, a hannun Linus Torvalds, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. A yau shi ne ke gudanar da akasarin uwayen garke na intanet, da wayoyin hannu masu Android, kuma tun daga watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Tun da a bainar jama'a ake gina shi, kowa na iya bin sawun yadda aka yi ta fama da matsalar rabon faifai, mataki bayan mataki.

Yadda faifai yake aiki

Kamfanin IBM ne ya fito da faifan kwamfuta na farko a shekarar 1956, a cikin na'urarsa mai suna RAMAC. Faya-fayai 50 ne aka jera wani kan wani, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin akwatin kuwa kimanin tan guda, amma duk abin da yake iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Faifan zamani, wanda ake iya riƙewa a tafin hannu, yana ɗaukar abin da ya ninka wannan sau miliyoyi. Sai dai fasalin aikin bai sauya ba. Faifai mai maganaɗisu yana juyawa, wani siririn hannu kuma yana kai da komowa a samansa, ɗauke da allurar karatu da rubutu. Allurar ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke tayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai.

Kafin a karanta ko da harafi ɗaya, dole abubuwa biyu su faru. Da farko hannun zai matsa zuwa da'irar da bayanin yake, wanda kan ɗauki kimanin milisakan 8, milisakan kuwa shi ne kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Sa'an nan sai a jira faifan ya juyo da wurin da ake so zuwa ƙarƙashin allura. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya cikin milisakan 8 da 'yan kai, saboda haka matsakaicin jira shi ne rabin zagaye, watau milisakan 4. Jimla milisakan 12 ke nan. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne, amma a cikin wannan ɗan lokaci masarrafin zamani ya riga ya yi bugu fiye da miliyan 30. Abin lura kuma shi ne, yayin da cikin faifai ya ƙaru sau miliyoyi tun 1956, lokacin isa ga bayani ya ragu ne sau hamsin kacal, daga kimanin milisakan 600.

Daga nan mai karatu zai iya yin lissafin da kansa. Idan kowace buƙata tana wani wuri dabam a kan faifai, to buƙatu kimanin 80 kawai za a biya a daƙiƙa. Idan girman kowacce kilobayit 4 ne, an sami kilobayit 320 ke nan a daƙiƙa. Amma idan bayanin a jere yake, allura na zaune wuri ɗaya faifai na wucewa ƙarƙashinta, wannan faifan zai iya ba da megabayit 160 a daƙiƙa. Faifai ɗaya, daƙiƙa ɗaya, amma bambancin ya kai ninki 500.

Mudu uku, sakamako uku

Wannan lissafi shi ne tushen dukkan wahalar. Wanda zai raba buhun gero ya san tiya nawa ce a ciki kafin ya fara rabo. Shi kuwa faifai ba shi da wani ƙayyadadden adadi da za a ce shi ne ƙarfinsa, domin abin da yake iya bayarwa ya danganta ne da irin buƙatun da aka kawo masa.

Mai injin niƙa ya san wannan tun tuni. Idan ya niƙa barkono, dole ya tsayar da injin ya kakkaɓe shi sarai kafin ya zuba gero. Yarinyar da ta zo da buhun gero guda ba ta cin lokacinsa kamar yara goma da kowannensu ya zo da ɗan kofi, wannan barkono, wancan wake, wancan kuka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A ɗauka ayyuka biyu suna takara a kan faifai. Na farko yana karanta babban fayil a jere, na biyu yana tsintar ƙananan bayanai a warwatse. Idan aka ce adalci shi ne kowa ya sami yawan bayani daidai da na ɗan'uwansa, to mai tsinta zai cinye kusan daƙiƙa guda kafin ya tara kilobayit 320, mai jere kuwa zai sami nasa kilobayit 320 cikin milisakan 2, sa'an nan ya koma gefe yana jira. Faifan da ke iya ba da megabayit 160 ya koma bai kai ko megabayit 1 ba. Idan kuma aka ce a ƙidaya buƙatu, kowa ya sami adadi ɗaya, to wanda buƙatunsa manya ne zai kwashe kaso mafi tsoka. Amma idan aka raba lokaci, kowa ya riƙe faifai rabin daƙiƙa, mai jere zai tashi da megabayit 80, mai tsinta kuwa da kilobayit 160. Mai tsinta ya rasa rabin abin da zai samu ne kawai, mai jere kuwa ya sami ninki 250 na abin da mudun farko ya ba shi. Saboda haka a zamanin faifai mai juyawa, lokaci shi ne mudun da ya fi kusa da gaskiya.

Masu tsara layi

Sashen jigo da ke yanke hukuncin wace buƙata za a fara biya shi ake kira mai tsara layi. Dabara mafi daɗewa ita ce ta lif, watau na'urar hawa bene. Ana jera buƙatu bisa matsayinsu a kan faifai, hannu ya bi su daga wannan gefe zuwa wancan yana biya, maimakon ya riƙa tsalle bisa wanda ya riga zuwa. Wannan yana rage zirga-zirga, amma buƙatar da ke can nesa tana iya daɗewa ba a waiwaye ta ba. Don haka aka ƙaro wa'adi: a Linux, buƙatar karatu da ta yi rabin daƙiƙa a layi, ko ta rubutu da ta yi daƙiƙa 5, sai a tsallake da ita gaba.

A shekarar 2001, Sitaram Iyer da Peter Druschel na Jami'ar Rice ta Amurka suka nuna wani abu mai ban mamaki, watau cewa wani lokaci barin faifai ya zauna banza ya fi riba. Aikin da ke karatu a jere yakan karɓi yanki ɗaya, ya duba shi, kafin ya nemi na gaba. A cikin wannan ɗan taƙin sai jigo ya zaci ya gama, ya tura hannu can wani gefe, daga baya kuma a sake dawo da shi. Idan aka ɗan dakata na 'yan milisakan, sai buƙata ta gaba ta iso allura na nan inda take.

Jens Axboe, ɗan ƙasar Denmak, ya haɗa wannan dabara da rabon lokaci a cikin mai tsara layi da ake kira CFQ, wanda ya zama zaɓin farko na Linux a 2006. Kowane aiki yana da layinsa, ana ba shi faifai na kimanin milisakan 100, ana kuma jiransa har milisakan 8 idan ya ɗan yi shiru, sa'an nan a wuce ga na gaba.

Sai dai akwai ɓaraka. CFQ ayyuka yake ƙidayawa, bai san masu su ba. Idan wani ɗan haya ya buɗe ayyuka 9, maƙwabcinsa kuwa ɗaya kawai, to na farko ya kwashe kashi 90 cikin 100 na lokacin faifai, alhali kuɗin haya ɗaya suka biya. Tamkar a ce ana rabon ruwa bisa yawan bokitai ne, ba bisa ɗakuna ba. Wanda ya fi tara bokitai shi ne zai fi kowa sha.

Zuwan rukunoni

Maganin wannan ɓaraka ya fito ne daga kamfanin Google, inda injiniyoyi biyu, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara wani aiki a 2006 na tattara ayyuka rukuni-rukuni. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari cgroups, kuma ya shiga jigon Linux a fitowa mai lamba 2.6.24, cikin watan Janairu na 2008. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Ana sa aiki a cikin rukuni, duk wani aikin da ya haifa kuma a cikin rukunin yake tashi, sa'an nan a yi rabo da sunan rukuni. Ko ɗan haya ya buɗe ayyuka dubu, kasonsa bai ƙaru ba, sai dai su raba abin da aka ba rukuninsu. Ana kuma iya sa rukuni cikin rukuni, kamar jami'a da tsangayoyinta da sassansu.

Rabon masarrafi da na ƙwaƙwalwar wucin gadi bai daɗe ba aka shigar da shi cikin wannan tsari. Na faifai kuwa sai da aka kai ruwa rana. A tsakanin 2008 da 2009 shawarwari da dama suka fito suna gogayya. Ryo Tsuruta na ƙasar Japan ya kawo tsarin da ke raba wa rukunoni tikiti, kowace buƙata ta ci tikiti kafin ta wuce. Andrea Righi na Italiya ya kawo tsarin ƙayyade iyaka. Vivek Goyal na kamfanin Red Hat kuwa ya ga ya fi dacewa a koya wa CFQ sanin rukunoni. A watan Oktoba na 2009 masu ruwa da tsaki suka haɗu a birnin Tokyo suka tattauna, kuma abin da ya biyo baya ya nuna cewa hanyoyi biyu ne ake buƙata, ba ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce ta kaso, wadda ta shiga jigo a watan Fabrairu na 2010. A wancan lokaci ana ba kowane rukuni lamba daga 100 zuwa 1,000, a raba lokacin faifai bisa waɗannan lambobi. Alal misali, idan asibiti yana da 600, makaranta 300, mai kwafe 100, to a kowace daƙiƙa 10 asibiti yana da 6, makaranta 3, mai kwafe 1. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta barin faifai ya zauna banza. Idan asibiti ba ya neman komai, sai sauran biyun su raba kasonsa, makaranta ta sami daƙiƙa 7 da rabi, mai kwafe 2 da rabi.

Hanya ta biyu ita ce ta linzami, wadda ta biyo baya a watan Janairu na 2011. A nan ana gindaya wa rukuni iyaka, a ce kada ya wuce megabayit 10 ko buƙatu 50 a daƙiƙa, ko da kuwa babu kowa a layi. Da gani wannan kamar ɓarna ce, amma masu ba da hayar na'ura suna da dalilinsu. Wanda ya biya kuɗi kaɗan bai kamata ya saba da gudun da bai saya ba, har ya gina harkarsa a kai, ranar da maƙwabta suka cika gida kuma ya ce an zalunce shi.

Kura da shan bugu

Duk da wannan ci gaba, wata babbar kafa ta kasance a buɗe har shekara biyar. Idan aiki ya ce a rubuta masa wani abu, jigo ba ya kai shi faifai nan take. Yakan ajiye shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ya ce wa aikin an gama, daga baya, wani lokaci har bayan daƙiƙa 30, sai wani ma'aikacin jigo ya kwashe abin da ya taru ya zuba a faifai. Wannan dabara tana sa kwamfuta sauri ƙwarai, kuma ita ce dalilin da ya sa wanda ya fizge filashi daga na'ura ba tare da ya sallame shi ba yakan tarar da fayil ɗinsa bai cika ba.

To amma a idon mai rabon faifai, ma'aikacin jigo ne ya yi rubutun, ba rukunin da ya jawo shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rukunin da aka sa wa linzami yana iya cika ƙwaƙwalwa da rubutu, faifai ya toshe, amma littafin lissafi ya nuna bai taɓa komai ba. Sashen da ke kula da ƙwaƙwalwa ya san mai kowane shafi, sai dai a tsarin farko kowane sashe da nasa jerin rukunoni, don haka babu yadda za a yi a daidaita littattafan biyu.

Tejun Heo ne ya jagoranci sake ginin tsarin daga tushe, ta yadda jerin rukunoni ɗaya zai hau kan dukkan albarkatun na'ura. A 2015 aka shigar da dabarar bin sawun rubutun da aka jinkirta har zuwa ga mai shi, sabon tsarin kuma ya tabbata a fitowa mai lamba 4.5, cikin watan Maris na 2016. Darasin a fili yake: ba a iya yin rabo na adalci sai an san wanda ya ci.

Da faifai ya daina juyawa

Ana cikin wannan gyara sai ƙasa ta sauya a ƙarƙashin masu gini. Ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da faifai ko hannu ko allura, ta mamaye kasuwa. Tana ajiye bayani ne a cikin ƙananan da'irorin lantarki, kuma mai kyau daga cikinta tana biyan buƙatu dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Nan take mudun lokaci ya rasa ma'ana. Jiran milisakan 8 a kan ma'ajiyar da ke biyan buƙatu 500,000 a daƙiƙa asarar buƙatu 4,000 ne. Bugu da ƙari, irin wannan ma'ajiya tana aiki a kan buƙatu masu yawa a lokaci guda, saboda haka babu yadda za a ce wannan daƙiƙa ta wane ce. Tana kuma da nata halin ɓoye. Ba ta iya rubutu a kan tsohon rubutu sai ta goge babban yanki gaba ɗaya, don haka takan shiga share-share a cikinta ba tare da sanar da kowa ba, gudunta ya faɗi ba zato.

Aka sake gina layukan jigo a 2014 domin su dace da sabuwar ma'ajiya. A 2017 aka karɓi mai tsara layi na BFQ, aikin Paolo Valente na Jami'ar Modena da Reggio Emilia ta Italiya, wanda ke ba kowane aiki kasafin yawan bayani a kowane zagaye. A 2019 aka cire CFQ daga jigo gaba ɗaya.

Injiniyoyin Facebook, waɗanda ke kula da ɗimbin uwayen garke, suka tunkari matsalar ta wata fuska, wadda ɗalibin ilmin halittu zai gane ta nan da nan. Zuciyar baligi tana harba jini kimanin lita 5 a minti idan yana hutawa. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana karɓar kimanin kashi 15, ƙoda kimanin kashi 20. Da mutum ya fara gudu mai tsanani, sai jijiyoyin da ke kai jini hanji da ƙoda su tsuke, tsokoki su kwashe kaso mafi yawa. Amma jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ba ya raguwa, domin idan ya yanke na daƙiƙa 10 kacal mutum zai suma. Jiki bai raba jini daidai wa daida ba. Ya san gaɓar da ba ta iya jira, yana auna halin da take ciki a kowane lokaci, yana rage wa masu iya haƙuri.

Haka tsarin da Josef Bacik ya shigar a 2018 yake aiki. Ana gindaya wa muhimmin rukuni wa'adin jinkiri, a ce buƙatunsa kada su wuce milisakan kaza. Muddin ana cika wa'adin, kowa ya ci karensa ba babbaka. Da zarar jinkirin ya haura, sai jigo ya tsuke hanyar rukunonin da ba su kai shi muhimmanci ba, har sai lamarin ya daidaita, sa'an nan ya sassauta musu.

A watan Nuwamba na 2019 kuma Tejun Heo ya kawo mudu na baya-bayan nan, watau farashi. Ana gwada ma'ajiya a fitar da lambobi shida: yawan bayanin da take iya karantawa a daƙiƙa, da yawan buƙatun karatu a jere, da na warwatse, sa'an nan makamantan waɗannan uku na rubutu. Da su ake ƙiyasta abin da kowace buƙata za ta ci, a cire shi daga asusun rukuninta, kowane rukuni kuma ana zuba masa bisa kasonsa. Tun da ƙiyasi ba ya rasa kuskure, jigo yana sa ido a kan jinkiri. Idan ya ga ma'ajiya ta fara nishi sai ya rage abin da yake zuba wa kowa, idan ta sake sai ya ƙara.

Har da bashi a cikin tsarin. Wani lokaci ƙaramin rukuni yakan riƙe wani rubutu da kowa ke jira, kamar na littafin da ke nuna inda kowane fayil yake. Idan aka tsare shi don asusunsa ya ƙare, an tsare har da babban rukunin da ake son karewa. Don haka sai a bar rubutun ya wuce, a rubuta shi bashi, daga baya a jinkirta ƙaramin rukunin har ya biya.

Kammalawa

Waɗannan rukunoni su ne ginshiƙin abin da ake kira kwantena, watau dabarar killace manhaja da kayan aikinta wuri guda, wadda Docker ya yaɗa tun daga 2013, kuma da ita ake cunkusa ayyuka masu yawa a na'ura ɗaya. Wayar Android ma tana amfani da su wajen fifita manhajar da ke gaban mai waya a kan waɗanda ke aiki a ɓoye. Sai dai babu tsarin rabo da ke ƙara wa ma'ajiya ƙarfin da ba ta da shi. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma mai gidan da ya cika 'yan haya fiye da kima dole ya haƙa wata rijiyar.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan al'amari a cikin aji ba tare da kwamfuta ba. A ba ɗalibai biyu ƙamus ɗaya. Na farko ya kwafi kalmomi 30 da ke jere a shafi guda, na biyu ya nemo kalmomi 30 da aka tsinto daga haruffa dabam-dabam. A auna lokacin kowannensu shi kaɗai, sa'an nan a sa su karɓa-karɓa, da farko kalma ɗaya-ɗaya tare da rufe ƙamus bayan kowacce, daga baya kuma minti ɗaya-ɗaya. A rubuta sakamakon a allo, a tambayi aji wane rabo ne ya fi adalci, kuma ga wa. Sa'an nan a ƙara musu da cewa ɗaya daga cikin ɗaliban yana neman sunan maganin da marar lafiya ke jira, a ga ko amsarsu za ta tsaya yadda take.